Alat Ya Shigo

Lahadi ce, Gujungu ta cika ta batse.
Na kafa tebur a gindin tsamiya,
na'ura a dama, jakar kuɗi a cinya,
lemata ta yage, amma tana tare rana.

Kakana awo ya yi a wannan kasuwa.
Tiya ce shaidarsa, ya cika ta har ta yi tozo,
mai saye na gani, mai sayarwa na gani,
a tafa, a ce Allah ya sa albarka.
Ni abin da nake aunawa ba shi da ƙaiƙayi,
ba ya zuba ƙasa kaji su tsince.
Lamba ce ke tasowa daga Legas
ta sauka a tafina kafin in rufe hamma.

Na sami Malam Sabi'u bayan lisha.
Na ce, "Malam, ɗarin da nake cira
a kan kowace dubu biyar tana hana ni barci.
Ba kuɗi ne ke haihuwar kuɗi ba?"
Ya daɗe yana gyara zaman fitila.
Ya ce, "Wa ke zuwa Ringim ya bi layin banki?"
Na ce ni.
"Wa ke sayen caji da takardar rasit?"
Na ce ni.
"To ladan wahala daban, kuɗin ruwa daban.
Amma faɗi ladanka kafin a zura kati,
kar ka ƙara don ka ga mutum a matse,
in lamba ta shigo kuma, miƙa a nan take,
hannu da hannu,
ko da ɗaya hannun a iska yake."

Sai ga Talle da rago, fari mai baƙin wuya.
Ya ɗauke shi hoto ta ɓarin dama,
ɓarin da idon ke da lafiya.
Wani a Fatakwal ya gani a waya, ya yaba,
ya turo dubu ɗari da tamanin ta na'urata.
Alat ya shigo.
Na ƙirga, na ɗaure da kyauro,
hannuna ya ƙi miƙewa.
Na ce, "Talle, juya ragon."
Ya ce, "Kai ɗan aike ne, ba alƙali ba."
Gaskiyarsa.
Sai dai ta zaurena kuɗin suka biyo.
Ya ja tsaki, ya juya shi,
hakiya ta fito fes a hoto kamar sabon wata.
Mutumin ya ce na layya yake nema.
Na mayar masa har da ladana.
Kasuwa biyu Talle bai amsa sallamata ba.

Ranar da sabis ya ɗauke,
an cire wa Tabawa dubu tara, kuɗin riɗinta,
na'ura ta ce ba su zo ba.
Ta tsaya tana duban tsamiya
kamar a reshe suka maƙale.
Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.
Daren Laraba, ina cikin cin tuwo,
waya ta yi ƙara a aljihu.
Babu wanda ya ji sai ni da Mai Sama.
Da asuba na ari babur ɗin Haladu,
yashi ya kayar da ni sau biyu kafin ƙauyensu.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ba ni ƙwan zabi uku a leda.

Yanzu tiyar kakana na ƙarƙashin tebur,
a ciki nake tara rasit.
Wani lokaci in kasuwa ta watse
nakan ɗaga ta in ji nauyinta.
Takardu ne kawai, ba su kai loma ba.
Ban san me ya sa take rinjayar hannuna ba.